Jijiya ta Uku

"Biyu mun buɗe, Mama," in ji likita. "Jijiya ta uku ta ƙi."

Tsohuwar telar ta dubi 'yar filastar da ke wuyan hannunta. Ta nan aka zura siririn bututu har zuciyarta, idonta biyu.

Babban ɗanta ya zabura. "Ta ƙi kamar yaya? Rabin aiki ke nan?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Ta murɗe, ta yi tauri. Da na matsa, tana iya yagewa. Sai dai magani kullum. Waɗanda muka buɗe ma suna iya sake toshewa."

Ta ja numfashi, ya tafi har ƙasa. Dutsen da ya shekara a ƙirjinta babu shi. Sai dariya ta kuɓuce mata.

"Zauna, sarkin gaggawa. Wa ya tura mazagi da ƙarfi ya farke wandon ango ana gobe biki?"

"Haba Mama, shekara ashirin fa da yin wannan!" in ji ɗan nata.

Ta kamo hannun likita, tana jujjuya yatsunsa.

"Shekara arba'in ina koya wa mutane zura mazagi, ɗana. Turawa kowa ya iya. Sai yau na ga hannun da ya san inda ake tsayawa."