Katin da Kaka ya yaga

Ina ɗan shekara tara lokacin, muna zaune a unguwar Karantina, a ƙasa mai tsarki. Bayan la'asar na shigo gida ina huci, don 'yan ƙwallon layinmu sun zaɓi Fahad kyaftin sun bar ni.

"Halas, shi ke nan, na fita," na ce wa kakana. "Ni da mutum huɗu za mu kafa tamu ƙungiyar."

Kaka ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya ciro wani tsohon koren kati da aka ɗinke tsakiyarsa da baƙin zare. Katin jam'iyyarsu ne na zamanin da suke fafutukar Turawa su bar ƙasarmu, kafin ya zo hajji ya zauna.

"Ni na yaga shi," in ji shi. "Shekara uku ina bin ƙauyuka ina tara mutane, ranar tsayar da ɗan takara aka ɗauki wani. Mutanena suka ce mu ware. Kafin magariba sai ga masinjan Bature ya kawo mini gaisuwa da goro."

"Ka karɓa, ya jaddi?" na tambaye shi, don haka muke kiran kaka da Larabci.

"Na tambayi kaina, wanda ya kulle ni bara, me ya faranta masa rai yau? Fushina ne. Na mayar masa da goronsa, na nemo allura."

Na koma fili ina jan ƙafa, Fahad ya sa ni gola.

An rushe Karantina, mun watsu unguwa-unguwa, amma har yau in na yi fushi da nawa, nakan tsaya in duba wa ke murna.