Shamuwar da Ba Ta Tafiya

Tun da tsuntsaye suka ƙare aka zuba na inji a dausayin, Baba Ɗanjuma bai leƙa ba sai yau. Hadari ya haɗu, ɗan irin geron da ya rage masa yana buhu, amma shi ba ya shuka sai shamuwa ta dawo.

Ga ta kuwa a kan tsamiya.

"'Yata, yaushe ta iso?" ya tambayi Talatu mai gadin wurin.

"Haba Baba, ina za ta? Rani da damina tana nan."

"To wa zai gaya mini ruwan nan mai zama ne?"

Malam-buɗe-littafi ya sauka a hannunsa, da ɗumi kamar wayar hannu, ashe shi ma na inji ne. Ya koma gida, bai kwance buhun ba.