Tuwon Gayyar da Ya Kwana

Kana mamakin yadda za a ba mutum tallafi kuma ya tashi da asara? Gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali.

An yi wani manomin shinkafa a bakin fadama, dattijo ne, ƙarfi ya fara ja baya, 'ya'yansa maza duk suna birni. Amma bai taɓa barin amfani a gona ba, domin garinsu garin gayya ne. Kowa da irin da ya gada: na wani mai saurin nuna ne, na wani sai sanyi ya shigo. Yau a taru a yanke ta wane, jibi a koma ta wane, a ci tuwo a watse, har kaka ta ƙare ba a bar kowa a baya ba. Sai wata shekara aka kawo tallafi, ingantaccen iri da takin zamani a kan rahusa, aka raba wa gari duka. Kowa ya karɓa da murna, to wa ke ƙin alheri? Iri ɗaya, shuka lokaci ɗaya, kowa kuma ya ƙara faɗin gona tunda ga taki. Shinkafa ta yi kyan da ba a taɓa gani ba, har dattijon yakan tsaya bakin gona yana murmushi shi kaɗai.

Sai dai abin da aka shuka tare, tare yake nuna. Fadama ta yi jawur gaba ɗaya. Dattijo ya sa aka tuƙa tuwon gayya, ya aika gida-gida, ba wanda ya zo. Ba mugunta ba ce, kowa na duƙe a tasa gonar, ita ma ta fi ƙarfinsa. Maƙwabcinsa ya ɗago ya ce, "Baba, wallahi da hannu uku gare ni da na ara maka ɗaya." Haka ya ɗauki lauje, daga shi sai tsohuwar matarsa. Suna yankan wannan gefe wancan na ƙara bushewa, da an taɓa zangarniya sai ƙwaya ta zube ƙasa, ragowar kuma tsuntsayen jan-baki suka sauko mata. Abin da ya shiga rumbu bai kai na shekarun da ba taki ba. Har yau in na tuna shi tsugune yana tsintar ƙwaya a tsagar ƙasa, tausayi yakan kama ni. Masu tallafin nan alheri suka nufa. Sun tuna da iri, sun tuna da taki, ranar yanka ce ta shige musu. Gaskiyar Hausawa da suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.