Wayar da Aka Ɗaure da Leda

Haula, mai gyaran wutar mota, na durƙushe cikin motar likitan dabbobi, za ta sa wa ordinatarsa, wato kwamfutarsa, makunni a tablo, allon gaban direba, don ta daina shanye masa batir a dajin Azagor.

Na'Allah bakanike, wanda aka hana aikin, ya leƙo ya finciko wata wayar wuta.

"Likita, dubi aikin 'yar lakwal, 'yar boko! Ba fizibil mai kare wuta, an tauna waya da haƙori, an ɗaure da leda. Wallahi jaki ya fi wannan hankali. Kore ta kafin motarka ta ƙone!"

Ta bar shi ya gama, don ta saba. Sannan ta ɗago akwatin kayan aikinta, a kulle.

"Kawu, ai ban fara ba tukuna. Likita, wa ya haɗa maka wannan wayar bara?"

Likita ya juya, ya kafe Na'Allah da ido.