Akuyar Ladingo Ta Dawo Daga Asibiti

Shekara uku ke nan da hukuma ta rataye na'urar sauraro a kowane asibitin dabbobi. Asibitin da ba a jin kuka a cikinsa shi ke samun koren tambari a ƙofa. Tambarin ne ya sa Ladingo, wata dattijuwa mai kiwo, ta kai akuyarta can da haihuwa ta zo da gardama.

Ranar sallama ta shiga ɗakin jinya. Dabbobi sun fi talatin, amma ƙarar fanka kaɗai take ji. Warin ruɓaɓɓen miki ya bugi hancinta. Ga wani rago kwance cikin kashinsa, ƙudaje sun rufe ƙafarsa, yana ta wage baki, iska kawai ke fita.

Akuyarta ma ta miƙo wuya ta buɗe baki, shiru. A maƙogwaronta akwai sabon ɗinki.

"Likita, me ya haɗa haihuwa da maƙogwaro?"

"Ƙaramin aiki ne, Iya, kowace dabba muna yi mata," ya ce yana murmushi. "Wata tara ba a kama mu da kuka ba."

Ta tofar da yawu a kan farin daɓensu, ta ja akuyarta da 'ya'ya biyun da ta haifa, suka koma gida.

Da la'asar 'ya'yan biyu suka ɓace cikin dawa. Uwar ta dinga zagaye turke baki buɗe. Ladingo ta tsaya bakin gona, ta gyara murya, ta fara kukan akuya ko 'ya'yan za su ji su dawo.