Mayafin Indo

Tun da aka yanke wa Malam Haladu tsiron naman da ya toshe masa hanci, aka dasa masa 'yar na'urar tace iska, wato matata, a cikin hancin, irin wadda doka ta ɗora wa kowa yanzu. Tana tare duk ƙamshin da hukuma ta ce yana tayar da tsiro. Numfashi ya dawo, duniya kuwa ta yi salam.

Ranar da ya koma asibiti a duba shi, ya tafi da mayafin marigayiya Indo, matarsa, cikin leda.

"'Yata, buɗe min ƙamshin humra kawai," ya ce wa nas ɗin da ke duba shi.

"Baba, in na buɗe tsiron zai dawo, kuma an hana yanka na biyu."

"Na karanta dokar taku. Wanda ya rubuta ta bai taɓa binne kowa ba."

Ta ci gaba da wanke masa hanci da ruwan gishiri. Da ta gama, ya miƙa mata mayafin.

"To ke shinshina min. Har yanzu tana ciki, ko tsumma nake ajiya?"

Ta kai shi hanci, ta daɗe. Sannan ta ɗaga kai, ya hango tata matatar tana ƙyalli a cikin hancinta.

"Tun ina jaririya aka sa min, Baba. Yaya humrar take?"

Ya miƙa hannu ya karɓa. Ya ninke mayafin a hankali, ya mayar cikin leda.