Madubi a Bakin Tukuba

Tun kafin a ƙera madubin ƙirji, Baba Ɗanliti ya riga kowa ganin abin. Mahauci ne da ya tsufa yana fiɗa, ya sha tarar da ramammen rago zuciyarsa lulluɓe da kitse. Ya faɗa a kasuwa, aka ce surutun tsufa ne.

Yanzu doka ta kafa madubin a bakin kowace tukuba, yana leƙa kitsen da ya kewaye zuciyar mutum. In ya kawo kore, a ba ka tsire. In ya kawo ja, farar mota ta kai ka gidan rage kitse. Amininsa Mati, siriri kamar kara, can ya je, ya dawo ko ƙamshin nama ba ya ji.

Ranar kasuwa Ɗanliti ya turo tumbinsa gaban tukubar Sallau.

"Baba, rufa wa kanka asiri," in ji Sallau. "Da wannan tulun za ka tsaya?"

"Tumbi daban, zuciya daban, ɗan nan. Zaɓo mini mai kitse."

Madubin ya daɗe shiru, har Sallau ya daina juya nama. Can ya kawo kore, sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya yi magana: "Sai gobe, Ɗanliti."

Tsohon ya yagi tsire, mai yana bin gemunsa.

"Kun ji? Har shi ya san da zamana. Gobe ma ina nan. Mai musu ya zo ya riga ni tsayawa gabansa."